JININ CIBIYA DA MAGANIN SANKARAR JINI GA MANYA

Gabatarwa

A garin Azuba da ke kusa da Lafiya, hedkwatar Jihar Nasarawa, kamar yadda yake a yawancin garuruwa da ƙauyukan ƙasar nan, idan mace ta haihu akan yanke cibiya, a wanke jariri, sa'an nan dangi su karɓi mabiyiya tare da ragowar igiyar cibiya su binne. Wannan al'ada ce ta kaka da kakanni, babu kuwa aibu a cikinta. Amma akwai wani abu da ake binnewa tare da mabiyiyar wanda mutane ƙalilan ne suka san darajarsa, watau ɗan jinin da yake saura a cikin igiyar bayan an yanke ta. Jinin nan bai cika kofin shayi ba. Duk da haka likitoci sun tabbatar cewa yana iya sabunta jinin babban mutum ɗungum, har ya warke daga sankarar jini.

Nufin wannan ɗan littafi shi ne a bayyana wa jama'a yadda wannan magani yake, da wanda zai amfana da shi, da haɗarin da ke cikinsa, da kuma abin da ya wajaba a kan kowane ɗan ƙasa ya yi tun kafin ciwo ya ci ƙarfinsa.

Ina ake yin jini a jikin mutum?

A cikin ɓargo ake yin jini, musamman ɓargon ƙashin ƙugu, da na ƙirji, da na gadon baya. Ɓargo kamar gona yake. A cikinsa akwai waɗansu ƙwayoyi na musamman da za a iya kira ƙwayoyin iri, gama daga gare su dukan ƙwayoyin jini suke tsirowa. Ƙwayoyin jini kuwa iri uku ne. Akwai jajaye, masu kai iska ko'ina cikin jiki, waɗanda sukan yi kwana 120 suna aiki kafin su mutu. Akwai farare, su ne sojojin da ke yaƙi da cututtuka. Akwai kuma ƙanana masu daskarar da jini idan mutum ya ji rauni. Ba dare ba rana ɓargo yana wannan aiki, har yakan fitar da jajayen ƙwayoyi wajen miliyan 2 cikin kowace daƙiƙa.

Mece ce sankarar jini?

Sankarar jini, wadda waɗansu ke kira ciwon daji na jini, tana samuwa ne idan wata ƙwaya ta lalace ta shiga hayayyafa ba ƙaƙƙautawa. Kamar yadda ƙuduji yake mamaye gonar dawa ya hana ta yin kai, haka lalatattun ƙwayoyin nan suke cika ɓargo su hana lafiyayyu fitowa. Manyan ire-irenta uku ne: lukimiya, wadda take farawa cikin ɓargo, limfoma, wadda ta fi kama kaluluwa, da mayaloma, wadda take cin ƙashi. Ba a ɗaukar ta daga wani, ba kuma sammu ba ne.

A ɗauki misalin magidanci a Azuba, manomin doya, wanda ya saba yin kunya ɗari kafin rana ta take. Sai ya ga ƙarfinsa yana raguwa, zazzaɓi yana tafiya yana dawowa. Ya sha maganin zazzaɓin cizon sauro sau biyu, ya sha na taifod, babu sauƙi. Tafin hannunsa ya yi fari, dasashinsa yana zubar da jini idan ya yi asuwaki. Irin wannan mutum gwajin jini yake bukata, ba ƙarin ƙwayoyi daga kemis ba. Alamomin da ya kamata a lura da su su ne:

1. Kasala da ƙarancin jini da suka ƙi jin magani.
2. Zazzaɓi mai yawan dawowa, da gumi mai jiƙa tufafi da dare.
3. Haɓo, ko jini daga dasashi, ko ɗigo-ɗigon jini a ƙarƙashin fata.
4. Kaluluwa marar zafi a wuya, ko hammata, ko matsematsi, wadda ta ƙi bajewa.
5. Kumburin saifa, da ciwon ƙashi, da rama ba dalili.

Ba kowane mai waɗannan alamomi ne yake da sankara ba. Gwaji kaɗai ke rarrabewa. Haka kuma ba kowace sankarar jini ce take bukatar dashe ba. Alal misali, akwai wata irin lukimiya mai tafiyar hawainiya wadda ƙwayar magani mai suna imatinib take danne ta shekara da shekaru, tun shekarar 2003 kuwa aka fara ba majiyyata wannan magani a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife.

Dashen ɓargo da wahalar samun wanda ya dace

Idan sankarar ta yi tsanani, ko ta dawo bayan magani, likitoci sukan shawarta a yi dashe. Ma'anarsa ita ce a kashe ɓargon majiyyaci da magunguna masu ƙarfi, sa'an nan a zuba masa ƙwayoyin iri na wani lafiyayyen mutum. Wani likitan Amurka, Dokta Donnall Thomas, shi ne ya share fagen wannan aiki tun shekarun 1950, aka kuma ba shi lambar yabo ta Nobel a 1990.

Sai dai ba ɓargon kowa ne zai karɓi kowa ba. A jikin ƙwayoyin kowane mutum akwai waɗansu alamomi da ya gada, rabi daga uwa rabi daga uba, waɗanda likitoci ke kira HLA. Sun sha bamban da rukunin jini na A da B da O, sun kuma sha bamban da gwajin AA da AS da ake yi kafin aure. Kamar tsagen gado suke, da su jiki yake gane ɗan gida da baƙo. Idan alamomin mai bayarwa da na mai karɓa suka yi nisa da juna, sai faɗa ya tashi a cikin jiki. Ko tsakanin 'yan uwa shaƙiƙai, uwa ɗaya uba ɗaya, damar dacewa kashi ɗaya ce cikin huɗu. Saboda haka wajen majiyyata 70 cikin 100 ba su samun wanda ya dace da su sarai a cikin danginsu.

Wanda bai samu a gida ba, sai a duba masa rajistar masu ba da ɓargo ta duniya. A nan ne baƙar fata yake shan wahala. Mutanen Afirka sun fi kowace al'umma bambancin waɗannan alamomi, ga shi kuma kaɗan ne a cikin rajistar. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2014 ya nuna cewa Bature yana da damar kashi 75 cikin 100 ta samun wanda ya dace da shi sarai, amma damar baƙar fata ba ta kai kashi 20 ba.

Yadda aka gano amfanin jinin cibiya

Jinin da ke cikin igiyar cibiya cike yake da ƙwayoyin iri, sabbi ful. Tun da yake sojojin jinin jariri ba su riga sun ƙosa ba, ba su cika tsananta wa baƙon jiki ba. Don haka ba lalle ne alamomi su dace sarai ba: idan huɗu cikin shida suka yi daidai, ana iya yin dashen. Binciken nan na 2014 ya nuna cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na manya, ko wace irin al'umma ce, za su iya samun jinin cibiya da ya dace da su gwargwadon haka.

An fara wannan dashe ne a watan Oktoba na 1988 a Asibitin Saint-Louis da ke birnin Faris na ƙasar Faransa. Farfesa Eliane Gluckman ta zuba wa wani yaro ɗan shekara 5, mai wata cutar ɓargo ta gado, jinin cibiyar ƙanwarsa, wanda Dokta Hal Broxmeyer ya adana a Amurka. Yaron ya warke, ya girma. A 1992 Dokta Pablo Rubinstein ya kafa rumbun farko na ajiyar jinin cibiya domin amfanin kowa da kowa a birnin New York, a 1993 kuma Dokta Joanne Kurtzberg ta Jami'ar Duke ta yi dashe na farko da jinin jaririn da ba dangin majiyyaci ba. Daga lokacin zuwa yau an yi irin wannan dashe fiye da 40,000 a duniya, ƙasar Japan kuwa ita ce kan gaba wajen yawan yin sa.

Me ya sa na manya ya fi wuya?

Da fari yara kaɗai ake yi wa. Dalili kuwa lissafi ne mai sauƙi: irin da zai wadaci ɗan lambu ba zai wadaci babbar gona ba. Likitoci suna neman aƙalla ƙwayoyi miliyan 25 ga kowane kilo na nauyin majiyyaci. Yaro mai kilo 20 yana bukatar miliyan 500, wanda cibiya ɗaya take bayarwa cikin sauƙi. Amma magidanci mai kilo 70 yana bukatar miliyan 1,750, yawancin ledojin da ke ajiye kuwa ba su kai haka ba. Idan irin ya yi kaɗan, sabon jini yakan yi jinkirin fitowa, ko ma ya ƙi fitowa sam.

Sannu a hankali aka shawo kan matsalar. A 2004 aka buga sakamakon manyan bincike biyu, ɗaya daga Turai ɗaya daga Amurka, waɗanda suka nuna cewa jinin cibiya hanya ce karɓaɓɓiya ga babban mutum mai lukimiya idan ba a sami mai ba da ɓargo ba. Likitocin Jami'ar Minnesota kuma suka fito da dabarar haɗa jinin jarirai biyu a zuba wa mutum ɗaya. Abin mamaki, bayan 'yan watanni irin jariri ɗaya yakan rinjayi ɗayan ya mallake ɓargon. Har wa yau, a watan Afrilu na 2023 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da wata hanya mai suna Omisirge, inda ake renon ƙwayoyin a ɗakin gwaji su ninka kafin a zuba su. Da wannan hanya fararen ƙwayoyi sukan dawo cikin kwana 12, maimakon kwana 22.

Labarin wani ɗan Nijeriya

Seun Adebiyi haifaffen Nijeriya ne da ya tashi a Amurka. A 2009, yana ɗan shekara 26, bai daɗe da gama karatun lauya a Jami'ar Yale ba, aka gano yana da limfoma da lukimiya a haɗe. Aka bincika rajistar masu ba da ɓargo, ba a sami wanda ya dace da shi ba. Har gida Legas ya zo yana neman masu sa kai. A ƙarshe abin da ya cece shi, da ikon Allah, shi ne jinin cibiya da wata mata 'yar Nijeriya ta bayar sadaka lokacin da ta haihu a Amurka. An yi masa dashe a New York a 2010. Bayan ya sami lafiya, ya haɗa kai da likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Nijeriya da ke Inugu, aka buɗe rajistar masu ba da ɓargo ta Nijeriya a watan Fabrairu na 2012, ita ce ta biyu a Afirka bayan ta Afirka ta Kudu.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Jinin da zai dace da ɗan Nijeriya, a wajen ɗan Nijeriya aka fi samunsa.

Yadda ake ɗiba da adanawa

Ba a ɗibar jinin cibiya sai da yardar uwa a rubuce tun kafin naƙuda, kuma a asibiti kaɗai ake yi. Bayan jariri ya faɗo, akan dakata minti ɗaya ko fiye, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta, domin ya sami rabonsa na jini. Sa'an nan a ɗaure igiyar a yanke. Ragowar da ke haɗe da mabiyiya ita ake tsaftacewa a soka wa allura, jinin ya gangara cikin leda. Aikin bai wuce minti goma ba. Uwa ba ta jin zafi, jariri kuma ba a taɓa shi ba ma.

Daga nan a gwada jinin uwar domin tabbatar da cewa babu ƙanjamau, ko ciwon hanta, ko tunjere. A ƙidaya ƙwayoyin, a rubuta alamominsu na HLA, a daskarar da su cikin kwana biyu a ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri. An gwada jinin da ya yi fiye da shekara 20 a irin wannan ajiya aka tarar ƙwayoyinsa da rai.

Yadda ake yin dashen

Ba a fiɗa, ba a fasa ƙashi. Da fari akan yi wa majiyyaci magani har sankarar ta lafa. Sai a kwantar da shi a ɗaki na musamman, a yi wajen mako guda ana ba shi magunguna masu ƙarfi, wani lokaci har da gashi da na'ura, domin share tsohon ɓargo. Ranar dashe a narkar da jinin cibiyar a ɗaura masa ta jijiya kamar ƙarin jini. Ƙwayoyin da kansu suke neman hanya su shiga ɓargo su zauna.

Kwanakin da ke biye su ne mafi haɗari. Mako uku zuwa huɗu majiyyaci yana zaune ba shi da sojojin jini, ƙaramar cuta tana iya kayar da shi. A wannan lokaci ana yi masa ƙarin jini a kai a kai, ana ba shi magungunan kashe ƙwayoyin cuta, ana kuma taƙaita masu zuwa dubiya. Idan irin ya kama, sabon jini ya fara gudana, har rukunin jininsa yakan koma na jaririn da ya ba shi.

Amfani da haɗari

Amfanin jinin cibiya uku ne. Na ɗaya, yana nan a ajiye, ba sai an bi sawun wani mutum ana roƙonsa ba. Na biyu, ba ya bukatar dacewa sarai. Na uku, sabbin sojojin jini sukan farauci ragowar ƙwayoyin sankara su kashe, kuma ba su cika jawo doguwar cutar nan da ke biyo bayan dashe ba, wadda a cikinta baƙon jini yake far wa mai gida, ya taɓa fata da hanta da hanji.

Amma tilas ne a faɗi gaskiya. Wannan magani ne mai nauyi. Waɗansu majiyyata sukan rasu saboda cututtukan da ke shiga kafin sabon jini ya fito. Waɗansu irin yakan ƙi kamawa, waɗansu kuma sankarar takan dawo. Magungunan share ɓargo suna iya hana haihuwa. Kuɗinsa yana da yawan gaske, jinyar kuma takan ɗauki shekara ko fiye. Bugu da ƙari, yanzu akwai wata hanya da likitocin Jami'ar Johns Hopkins suka inganta, ta ɗaukar ɓargon uwa, ko uba, ko ɗa, ko ɗan uwan da ya dace rabi da rabi. Yaɗuwarta ta sa an rage yin amfani da jinin cibiya a ƙasashe da dama. Likitan jini ne kaɗai zai iya zaɓar hanyar da ta fi dacewa da kowane majiyyaci.

Halin da ake ciki a Nijeriya

An yi dashen ɓargo na farko a ƙasar nan a 2011 a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin, ƙarƙashin jagorancin Dokta Nosakhare Bazuaye tare da taimakon likitocin Basel ta ƙasar Suwizalan, aka yi wa wani yaro mai ciwon sikila. A 2024 Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas, tare da Gidauniyar Sikila ta Nijeriya, shi ma ya fara nasa. Waɗannan ayyuka sun fi karkata ga masu sikila, da ɓargon 'yan uwa ake yin su. Manyan rumbunan jinin cibiya kuwa suna Amurka da Turai da gabashin Asiya, kuma jinin jariran Afirka kaɗan ne a cikinsu. Duk da haka ɗakuna da na'urori da ƙwarewar da ake tarawa domin sikila, su ne tubalin da za a ɗora dashen masu sankarar jini a kansu.

Addini, al'ada da doka

Ɗibar jinin cibiya ba ta hana dangi karɓar mabiyiya su binne kamar yadda suka saba. Majalisar malaman fiƙihu ta Rabiɗar Duniyar Musulmi, a zamanta na Makka a 2003, ta halatta amfani da ƙwayoyin da aka samo daga mabiyiya ko igiyar cibiya domin magani, muddin iyaye sun yarda. Fadar Paparoma ita ma ta bayyana halaccinsa a 2008. A fannin doka kuwa, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana cinikin jini ko wani sashe na jikin ɗan Adam, ta kuma hana ɗibarsu ba da yardar mai su ba.

Abin da ya wajaba a kan jama'a

1. Duk wanda ya ga alamomin da aka zayyana ya garzaya asibiti mafi kusa ya nemi a yi masa cikakken gwajin jini. Mutanen Azuba da kewaye suna da babban asibitin Lafiya, wanda aka fi sani da sunan Dalhatu Araf, da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Keffi. Daga can ake tura majiyyaci wajen likitocin jini a Abuja, ko Jos, ko Shika ta Zariya, ko Kano.
2. Kada a ɓata watanni ana tsaga da ƙaho da jiƙe-jiƙe. Mai sankarar jini, ko ƙaramin tsagi yana iya sa ya zubar da jini har ya halaka.
3. Mata masu ciki su riƙa zuwa awo, su kuma haihu a asibiti.
4. Masu ƙoshin lafiya su riƙa ba da jini sadaka, gama babu dashen da zai yiwu ba tare da ƙarin jini ba. Matasa kuma su tambayi likitocin jini hanyar shiga rajistar masu ba da ɓargo.
5. A yi hattara da masu yawo suna tallar allura ko ƙwayoyin da suke cewa na ƙwayoyin iri ne, wai suna maganin kowace cuta. Ƙwayoyin iri ba a haɗiyarsu, ba a kuma sayar da su a kasuwa.
6. A sani cewa jinin cibiyar yaro ba ya warkar da shi kansa daga sikila, gama cutar tana cikin jinin tun asali. Haka kuma ba a cika amfani da shi ba idan yaron ya kamu da lukimiya. Babban amfaninsa ga wani ne.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Majiyyacin da ya isa asibiti da wuri shi ne yake da ƙarfin jure magani, shi ne kuma likita yake da lokacin nema masa wanda ya dace da shi, ko cikin 'yan uwansa, ko cikin rajista, ko cikin jinin cibiyar da wata uwa ta bayar saboda Allah.

LAFIYA UWAR JIKI.